Ko a Sama Ma, Kowa da Zangonsa

Akwai wata kalma da ta daɗe tana yi mini yawo a rai, ita ce kalmar zango. Mu nan Kumasi in aka ce zango, unguwarmu ake nufi, inda kakanninmu fatake suka sauke kaya, suka ga wuri ya karɓe su, suka zauna. Amma tun ina ƙaramin yaro nake jin mai gabatarwa a akwatin rediyon Baba yana cewa ana iya kama su a gajeren zango, a kan mita kaza da mita kaza. Wata rana na ce, "Baba, ashe su ma mutanen Landan a zango suke zaune?" Baba, Allah ya jiƙansa, ya yi dariya har ya ajiye kofin shayinsa, sannan ya ce, "Duk inda ka ji an ce zango, to akwai mai masauki, akwai baƙo, akwai kuma iyakar da ba a tsallakewa." Ban gane maganar nan ba sai da furfura ta fito mini, na kuma sha kunya a gaban mutanen da ban taɓa ganin fuskarsu ba. Labarin wannan kunya zan ba ku, ko wani ya kauce wa ramin da na faɗa.

Sana'ata gyaran rediyo da talabijin ce, da zamani ya juya kuma na koma ɗaura wa mutane dish a kan rufi. A sanina a da, tauraron ɗan'adam shi ke zubo hoto, mu namu mu tara faranti. A watan Yuli na 2017 ne aka sako GhanaSat-1 daga tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wani ɗan akwati mai nauyin kilo ɗaya da matasan Jami'ar All Nations ta Koforidua suka haɗa a wata jami'a ta Japan. Da na ji cewa ɗan akwatin nan yana aiko da saƙonsa a zangon megahaz 437, inda aka yarje wa masu rediyon sha'awa su yi aiki, sai na shiga tambaya: su wane ne waɗannan masu sha'awa da har ake yanka musu fili a iska?

Ashe jama'a ce babba a duniya. Mutane ne masu haɗa na'urorinsu da hannunsu, su yi magana da juna daga ƙasa zuwa ƙasa, ba don kuɗi ba, sai don ƙwarewa da zumunci. Tun watan Disamba na 1961 aka harba musu tauraronsu na farko, OSCAR 1. Kowannensu sai ya sami lasisi daga hukumar ƙasarsa, a ba shi lambar kira wadda farkonta ke nuna inda ya fito: mu a Ghana 9G, Nijeriya 5N, Nijar 5U, Togo 5V, Kamaru TJ. Na duƙufa karatu, na nemi lasisi a hukumar sadarwa ta ƙasa, wato NCA, na kuwa samu. Mai karatu ya riƙe batun lambar nan, domin za mu dawo kansa.

Da ita tashar sararin samaniyar na fara gwaji. Tana zagaya duniya cikin kimanin minti 90, a nisan wajen kilomita 400, in kuma ta bi ta kanmu da wuya ta wuce minti goma ba ta ɓace ba. A can babu wani zaɓi. Mita ɗaya ce ga masu saƙon kwamfuta, megahaz 145.825. Ka aika ɗan guntun saƙonka, ta maimaita shi ga duk mai saurare, ka yi shiru ka ba wani. Abin lura kawai shi ne mitar takan ɗaga sama in tashar na tahowa, ta sauka in tana tafiya, da kamar kilohaz 3 da rabi kowane gefe, yadda ƙahon mota ke sauya murya in ta wuce ka a guje. Rijiya ce mai guga ɗaya, wanda ya ɗiba ya matsa. Ban taɓa yin laifi a can ba, domin babu wurin yin sa.

Laifi ya zo ne da aka sami yalwa. A watan Nuwamba na 2018 aka harba wani tauraron talabijin na ƙasar Katar mai suna Es'hail-2, kuma masu shi suka yarda aka liƙa masa na'urar masu rediyon sha'awa, bisa haɗin gwiwar ƙungiyarsu ta Katar da ta Jamus, AMSAT-DL. Aka buɗe ta a watan Fabrairu na 2019, ake kiranta QO-100. Shi wannan tauraro yana nisan kilomita kusan 36,000, yana juyawa daidai da juyawar duniya, saboda haka a idonmu tsaye yake cak dare da rana, wajen daraja 26 gabas. Daga Kumasi sai ka fuskantar da dish gabas, ka ɗan karkata kudu, ka ɗaga shi sama sosai. Inuwarsa ta rufe Afirka baki ɗaya da Turai, ta taɓo gabashin Brazil ta yamma, ta kai har Tailan ta gabas. Ga mai ɗaura dish irina, wannan ai kaya ne ya tsinke a gindin kaba.

Aikin na'urar kamar na madubi ne. Ka aika mata a zangon megahaz 2400, ta dawo da abin da ta ji a zangon 10489, tazarar da ke tsakanin mitar hawa da ta sauka kuwa kullum 8089.5 ce. Faɗin filin duka kilohaz 500 ne, daga 10489.500 zuwa 10490.000, kuma an raba shi yadda aka raba kasuwa, layin 'yan goro daban, layin 'yan atamfa daban. Don sauƙi a kan ambaci lambobi uku na ƙarshe kawai. Daga 505 zuwa 540 na masu bugun tangaraho ne, wato saƙon Mos, ba a yarda da kowa ba sai su. Daga 540 zuwa 580 na saƙon kwamfuta ne siriri, wanda faɗinsa bai wuce haz 500 ba. Daga 580 zuwa 650 na saƙon kwamfuta mai faɗi, har haz 2700. Daga 650 zuwa 850 na masu magana da baki. Abin da ya rage a sama na gauraye ne, a ciki har da 860 da aka keɓe don kiran gaggawa. Sannan akwai wasu sigina uku da ba sa ɗaukewa, ɗaya a farkon fili, ɗaya a tsakiya kan 750, ɗaya a ƙarshe. Ni turaku nake kiransu. Su ke nuna iyaka, su ne kuma ma'auni, domin doka ta ce kada ƙarfin siginar kowa ya wuce na turke.

Duk wannan na karanta shi, na ma rubuta shi da alƙalami na manna a bangon shago. Na sayar da babur ɗina na sayi kaya: wata 'yar na'ura mai suna Pluto da ke aiki da kwamfuta, da amfilifaya, da wayoyi. Dish kuwa ina da wani babba mai faɗin mita 1.8 da wani Alhaji ya bar mini da ya sake sabo. Uwargida ba ta ce komai ba ranar da aka tafi da babur, amma na ga yadda ta bi shi da kallo.

Niyyata in fara da hanyar da ake kira FT8, domin Turancina na baki ba mai nisa ba ne. Wasu masana biyu na Amurka, Joe Taylor da Steve Franke, suka fito da ita a 2017, shi Taylor ma ya taɓa cin kyautar Nobel a kimiyyar fiziks a 1993. Kwamfuta ce ke magana da kwamfuta, ana karɓa-karɓa kowace daƙiƙa 15, wannan ya aika wancan ya saurara. Faɗin siginar haz 50 ne kacal, kuma kwamfuta na iya tsamo ta daga cikin hayaniyar da kunnen mutum ba zai ji komai ba. A kan QO-100 masu FT8 sun saba taruwa a 540, wato bakin iyakarsu da masu tangaraho. Na yi lissafi, 10489.540 a cire 8089.5, ya ba ni 2400.040. Lissafina daidai yake, har gobe.

Wani dare cikin hunturun watan Janairu na 2022, bayan sallar isha'i, na kunna kaya. Ɗan ƙanwata, wanda ke makarantar sakandare yake kuma taya ni aiki ran hutu, yana zaune gefena. Na sa lambobi, na danna kira. Shiru. Na sake, shiru. Ina ganin kiran mutanen Turai da Indiya yana sauka a allo, amma ba wanda ya waiwaye ni. Zuciya ta ce mini ai ƙarfi ne bai isa ba, daga nan Afirka wa zai ji ka da ɗan wannan? Na ƙara wuta. Shiru. Na ƙara har amfilifaya ta yi zafin da ba a iya dafa ta. Na fi rabin awa a haka, kwamfuta na ta kira ita kaɗai, ni kuma ina ta zargin Turawa da raina baƙar fata. Laifi tudu ne, in ji masu iya magana, ka taka naka ka hango na wani.

Yaron nan ne ya ciro wayarsa ya buɗe wata tashar saurare ta intanet da ke Goonhilly a Ingila, wadda ke nuna filin QO-100 gaba ɗaya, kowace sigina kamar zare a tsaye. Ya yi shiru yana kallo, can ya ce, "Kawu, don Allah ɗan tsaya da kiran nan." Na tsaya. Ya ce, "To sake." Na sake. Ya miƙo mini wayar da hannu biyu, bai ɗago kai ba, ya ce, "Kawu, ina jin wannan mai hasken mu ne."

Mu ne kuwa. Wani zare fari fat, ya fi turke haske, yana tsaye wajen 520, tsakiyar filin masu tangaraho, yana kunnuwa yana mutuwa daidai da kirana. Da yaron ya ƙara murya sai muka ji jiniya tana kuka a kansa. Wannan jiniya sunanta LEILA, tashar ƙasa ce ke ɗora ta a kan duk siginar da ta wuce ƙa'ida, don mai ita ya ji, kowa ma ya ji. A tsakanin kira da kira kuma, ga wani yana buga Mos a hankali, irin bugun da ake yi wa ɗan koyo, yana maimaita haruffa shida: PSE QSY. Ko ni mai ƙaramin sani na san ma'anarsu. Don Allah ka matsa.

Na kashe komai. Ban iya duban yaron ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne kowane kira na FT8 ɗauke yake da lambar mai shi da alamar yankinsa a taswira. Wato rabin awa cur ina shela daga Brazil har Tailan cewa ga 9G, ga Kumasi, ga wanda ya zo ya shimfiɗa tabarmarsa a kan sallayar mutane. Bajamushe in ya yi haka, a ce wane ya yi kuskure, domin suna da yawa. Mu da ba mu taka kara mun karya ba a wannan fili, in ɗaya ya yi sai a ce haka mutanen can suke. Duk ɗan zango ya san wannan ciwo, ba sai na fassara masa ba. Wake ɗaya ke ɓata gari.

Mako biyu ban taɓa kayan ba. Uwargida ce ta same ni a shago ta ce, "Maigida, babur dai ya tafi. Kada ka bari ilimin ma ya bi shi." A cikin kwanakin nan kuma wasiƙa ta zo mini ta intanet daga wani dattijo a Turai, shi ne mai buga mini Mos a daren. Ya karanta lambata da kwamfutarsa, ya nemo adireshina a kundin masu lasisi. Na buɗe ina jiran faɗa, sai na tarar da hoton siginata, da marhabin da ya yi mini, da tambaya guda: shin ina sauraren kaina in ina aikawa?

Nan gizo ke saƙa. Ba na saurare. Na kafa idona a kan ɗan yankin da masu FT8 suke, alhali ni ina can wani wuri. Lambar da na sa daidai ce, na'urar ce ba ta je inda na aike ta ba. A cikin kowace na'ura irin wannan akwai ɗan ƙaramin kiristal da ke yi mata ƙidaya, kamar agogo. Agogon da ke kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan, a rediyon Baba ba wanda zai lura. Amma a megahaz 2400, kashi ɗaya cikin miliyan kilohaz 2.4 ne, kuma kiristal ɗin da Pluto ke zuwa da shi daga masana'anta an yarda ya kauce har kashi 25 cikin miliyan, wato kilohaz 60. Nawa ya kauce da wajen 20, ya jefa ni gonar wasu. Haka ma kan dish na talabijin da muke kira LNB, shi ma ƙidayarsa na tafiya da zafi da sanyi, abin da ya nuna maka da rana ba shi zai nuna da asubar hunturu ba. Ni da na shekara ashirin ina ɗaura shi ban sani ba, domin tashar talabijin faɗi gare ta, ba ta damu da wannan ɗan kaucewa ba.

Batun ƙarfi kuma ya fi haka muni. Wutar da tauraron ke da ita ƙayyadaddiya ce, kowa daga akushi ɗaya yake ci. In sigina ɗaya ta yi ƙarfi fiye da kima, na'urar kan rage jinta gaba ɗaya don ta kare kanta, sai masu ƙananan kaya su dusashe, mai ɗan faranti a ƙauye ya rasa dalilin da ya sa aka daina jin sa. FT8 kuwa ba kamar magana ba ce mai hawa da sauka, kusan daƙiƙa 13 take yi tana zuba ƙarfinta ba numfashi. Daɗin daɗawa, mu duka baƙi ne a kan tauraron nan. Na kasuwanci ne, aro aka ba mu ɗaki a cikinsa, kuma mai gida bai rasa ikon rufe ƙofarsa ba.

Na rubuta wa dattijon na ba shi haƙuri, na roƙe shi ya isar wa waɗanda na ɓata wa hira. Sannan na koma aiki. Na cire kiristal ɗin na sa wanda zafi ba ya ruɗa shi. Na sa manhajar saurare ta kama turken tsakiya ta riƙe, ta yadda duk inda LNB ya karkata za ta dawo da ƙidaya daidai. Tun daga ranar kuma ga yadda nake zaɓen wurin zama, ban taɓa tsallake ko ɗaya ba.

Da farko nakan duba turaku uku, in tabbata suna inda ya kamata su kasance, domin in ma'auni ya karkace duk awo ya ɓaci. Na biyu, nakan buɗe filin gaba ɗaya, in aika 'yar sigina mara ƙarfi ta daƙiƙa ɗaya ko biyu a wurin da ba kowa cikin yankin saƙon kwamfuta, in ga inda ta faɗo da idona. Takan dawo bayan kamar rubu'in daƙiƙa, saboda nisan tafiya. Na uku, nakan zauna in kalli masu FT8 na minti biyu ko uku kafin in ce uffan, domin da yake karɓa-karɓa ake yi, gurbin da ka gani fayau a wannan zagaye mai yiwuwa na wani ne da ke saurare, zai dawo a zagaye na gaba. Sai gurbi ya zama babu kowa a zagayen biyu nake shiga, in na shiga kuma in tsaya a nan, ba na bin wanda nake kira in hau kan mitarsa. Na huɗu, agogon kwamfuta ya zama daidai, kada ya kauce da fiye da daƙiƙa ɗaya. Na biyar, wuta. Nakan fara daga ƙasa, in na ga kaina sarai a allo kuma ina ƙasa da turke, to ya isa. Da dish ɗin nan nawa, abin da bai kai wat ɗaya ba ya wadatar.

Ranar da na dawo, kira na biyu aka amsa mini. Kafin in gama da wannan wasu sun yi layi, allo ya cika da lambata, domin 9G ba kullum ake samunta ba, masu tara ƙasashe kuwa nema suke. A nan na gane wani abu da ban karanta a ko'ina ba. Wanda ake nema, duk inda ya zauna nan jama'a za su bi shi. Da a daren farko an amsa mini, da na jawo ayari guda cikin filin masu tangaraho. In madugu ya sauka a gonar mutane, ba jakinsa kaɗai zai yi ɓarna ba. Shi ya sa yanzu in na ga masu nemana sun yi yawa har suna danne wasu, nakan ɗan haura sama cikin yankinmu na saƙon kwamfuta inda babu cunkoso, in bar wa sauran wurin da suka saba.

Ɗan ƙanwata yana shirin neman nasa lasisin. Kwanan baya na ji shi yana koya wa abokinsa a shago, yana cewa, "Kafin ka yi magana, nemo kanka tukuna." Na yi kamar ban ji ba, na ci gaba da gyaran da nake yi, amma Baba ne ya faɗo mini a rai.

Ga matasanmu na zango, musamman masu ɗaura dish da masu gyaran waya, ina cewa rabin ilimin nan yana hannunku tuni. Ku nemi lasisi tukuna, domin aikawa ba tare da shi ba laifi ne a doka. Saurare kuwa kyauta ne, ko da wayar hannu. Ku daɗe kuna saurare kafin ku taɓa maɓalli.

Yanzu na fara shiga layin masu magana da baki, da ɗan Turancina. Har yau ban ci karo da wanda ya amsa mini da Hausa ba, alhali tauraron nan yana kallon Kano da Damagaram da Garwa da Tamale duk a lokaci guda. Saboda haka in wani dare kana juyawa tsakanin 650 da 850, ka ji wani 9G ya gama kiransa ya ƙara da "salamu alaikum, ko akwai na gida?", to ni ne. Ka duba turke, ka rage wuta, sannan ka amsa.